Yadda ake kula da Honda VFR800 da shirya shi don doguwar tafiya

A cikin manyan babura akwai wani rukuni da aka ƙera shi tsaka-tsaki. Yana da gudu da iya shan kwana irin na baburan tsere, amma zamansa bai kai ga sa mutum ya kwanta a kan tanki har ƙugu ya riƙe ba, kuma yana ɗaukar kaya da goyo a wuni ana tafiya. Yamaha FJR1300 da Kawasaki Ninja 1000SX duk 'yan wannan gida ne. Ni dai zan tsaya a kan Honda VFR800, samfurin da aka yi daga 2002 zuwa 2013, domin shi na fi sani ciki da bai, kuma yawancin abin da zan faɗa a kansa ya hau kan sauran 'yan'uwansa.

Injinsa mai silinda huɗu ne da aka jera su kamar harafin V, girmansa cc 782, tankinsa na cin lita 22, nauyinsa da mai da ruwa ya kai kilo 240. Injin ne mai jimiri ƙwarai. Abin da ke ajiye irin wannan babur a gefen titi ba kasafai yake fitowa daga cikin injin ba. Waya ce da ta ƙone, ko cen da aka ɗaure fiye da kima, ko tayar da ta tsufa a jirgin ruwa da rumbun ajiya kafin ta iso gare ka. Shi ya sa nake roƙon duk wanda ya sayi tokumbo ya danne zuciyarsa, kada ya fara da salansa da fitilu masu launi. A fara da abin da zai kai ka ya dawo da kai, kwalliya ta biyo baya.

Mataki na farko: san abin da ke hannunka

Kafin ka taɓa sifana, duba lambar bodi da ke jikin wuyan babur, ka tabbatar ta yi daidai da ta takardun kwastan. Da wannan lamba za ka gane shekarar da aka ƙera shi, sannan ka nemi littafin gyara na kamfani na wannan samfurin. Ana samunsa a intanet. Ka sauke shi a waya, domin duk ma'aunin ɗaurin noti da jerin aiki suna ciki, kuma shi ne alƙali tsakaninka da bakanike idan gardama ta tashi.

Duba agogon nisan tafiya: mil yake ƙirgawa ko kilomita? Baburan da suka fito daga Amurka da Ingila mil suke nunawa, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. Wanda ka ga 40,000 a fuskarsa yana iya zama ya ci kilomita 64,000.

Sai makulli. Waɗanda aka sayar a Turai suna da tsarin hana sata mai suna HISS, za ka ga rubutun a fuskar agogo. A cikin kan makullin akwai ɗan ƙaramin abu da kwamfutar babur ke ganewa, in babu shi injin ba zai tashi ba ko da makullin ya juya. Idan makulli ɗaya aka ba ka, yi na biyu tun na farkon yana hannu, saboda da shi ake gabatar da sabon ga kwamfutar. In duka suka ɓace, maganar ta koma sauya kwamfutar gaba ɗaya.

Daga nan ka ɗauka cewa ba a taɓa yi masa sabis ba, ko me dillali ya rantse maka. Ka sayi ƙaramin littafi ka fara rubuta kwanan wata da kilomita na kowane aiki. Kayan aikin da za ka buƙata ba su da yawa: jerin sifana da soket, makullan alanki, mitar gwajin wuta, ma'aunin iskar taya naka na kanka, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Wannan ta ƙarshen tana da ɗan tsada, amma galibin jikin injin alminiyon ne, zarensa ba ya jure ɗaurin ƙarfin tuwo.

Mataki na biyu: juye da filtar iska

Ka tayar da injin ya yi minti uku zuwa biyar don mai ya saki jiki, ka kashe, ka ɗora babur a kan ƙafar tsakiya a wuri mai shafe. Cire robar gefe a hankali. Akwai ƙananan maɓallan roba da ke riƙe da ita, ana danna tsakiyarsu ne su saki, ba a fizge su. Ajiye kasko a ƙasa, kwance notin juye, ka bar mai ya tsiyaye har ya koma ɗigo. Ka kalli man da ya fito a cikin hasken rana. Baƙi ba laifi ba ne. In ka ga ya yi launin shayi mai madara, ruwa na shiga cikinsa. In ka ga yana ƙyalƙyali da garin ƙarfe, akwai abin da ke cinyewa a ciki. Kowanne daga cikin biyun ya isa ka dakata ka nemi gwani.

Kwance tsohuwar filtar mai, shafa ɗan sabon mai a robar bakin sabuwa, ka ɗaura ta. Sa sabuwar washa a notin juye, ka ɗaure shi a 30 Nm, wato ma'aunin ƙarfin ɗauri da sifanar aunawa ke nunawa. Babur ɗin na shan lita 3.1 idan an sauya har da filta. Zuba lita uku, tayar da injin ya yi minti biyu, kashe, jira minti uku, sannan ka duba ɗan gilashin da ke gefen dama na injin. Mai ya tsaya tsakanin layi biyu, kusa da na sama.

Irin man da za ka zuba ba abin wasa ba ne. Kulocin wannan babur a cikin baƙin mai yake wanka, don haka man mota mai sinadarin rage santsi zai sa ya riƙa zamewa idan ka murɗa totur. Nemi 10W-40 da aka rubuta JASO MA ko MA2 a jikin galan, kuma ka saya a wurin da ka amince da shi, jabun mai ya yi yawa a kasuwa. Littafin kamfani ya ba da kilomita 12,000 tsakanin juye da juye. Wannan lissafin ƙasashen da ba su da ƙura da zafi irin namu ne. Ni ina yi a kilomita 5,000 zuwa 6,000, ko bayan wata shida, duk wanda ya riga zuwa.

Filtar iska tana ƙarƙashin tanki. Ana kwance notin gaban tanki a ɗaga shi a tokare, sai murfin akwatin iska ya bayyana. Gara a yi aikin tanki na kusa da ƙarewa, ya fi sauƙin ɗagawa. A lokacin hunturu, tafiya ɗaya daga Kano zuwa Abuja da dawowa ta isa ta sauya wa filta launi. Ka duba ta duk juye biyu, da kuma ƙarshen hunturu. Ta takarda ba a wanke ta, sauya ta ake yi. Kafin ka mayar da murfi, shafa yatsa a cikin akwatin ta ɓangaren da iska ke shiga injin. In yatsan ya fito da ƙura, bakin filtar bai zauna daidai ba, kuma injin na shaƙar yashi. Tunda tanki na sama, duba fulogi huɗu. Na iridiyom ne, suna daɗewa, amma in ba ka san shekarunsu ba ka sauya.

Mataki na uku: wuta

Nan zan daɗe, domin nan ne raunin wannan babur. Masu VFR a ko'ina cikin duniya sun san matsalar cajinsa, har a Amurka an taɓa kiran samfurin 2002 zuwa 2005 a koma da su don gyaran wayoyi.

Ga yadda abin yake aiki. A cikin injin akwai kwayil da ke samar da wuta idan injin na juyawa. Wayoyi uku masu ruwan ɗorawa suna ɗauko wutar zuwa wani ƙaramin akwatin ƙarfe mai haƙarƙari, rektifaya, wanda ke gyara ta ya daidaita ƙarfinta kafin ta shiga batir. Wutar da ta yi rara yana mayar da ita zafi. A tsakanin kwayil da rektifaya akwai soket na roba. Da shekaru suka ja, bakin ƙarfen da ke cikin soket ɗin yana yin tsatsa ko ya saki, wuta ta riƙa wucewa da ƙyar, wurin ya ɗau zafi, zafin ya ƙara sassauta shi, a haka har robar ta narke. Ƙara wannan a kan ranar watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40, ka ga abin da ke jiran mutum.

Fara gwaji da batir. Babur a kashe tun dare, sa mitar a kan DC, wato irin wutar batir, ja a kan ja, baƙi a kan baƙi. Lafiyayyen batir zai nuna bolt 12.6 ko sama da haka. Tayar da injin, kunna babbar fitila, ɗaga totur har injin ya kai juyi 5,000 a minti. Abin da ake so shi ne 13.5 zuwa 14.5. Ƙasa da 13, batir ba ya samun caji. Sama da 15, rektifaya na dafa batir, kuma zai iya kashe ƙwan fitilu har da kwamfuta. Ka maimaita gwajin bayan babur ya yi zafi sosai, saboda wani rektifaya yana aiki lafiya da sanyin safiya, sai ya gasu ya daina.

Daga nan ka bi wayoyin nan uku har ka iske soket ɗinsu. Zare shi ka kalla da kyau, ka kuma sansana. Lafiyayye fari ne tas, bakin ƙarfensa na sheƙi. Wanda ya fara lalacewa za ka ga gefe ɗaya ya yi launin ƙasa kamar gasasshen burodi, rigar wayar ta taurare tana karyewa in ka lanƙwasa, kuma akwai ƙaurin ƙonanniyar roba da ba ya ɓuya. In ka ga haka, kada ka goge ka mayar. A yanke soket ɗin gaba ɗaya, a yanke wayar har inda jan ƙarfenta ke da haske, a haɗa kowace da 'yar'uwarta da dalma, a rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Murɗa waya da hannu a naɗe da salatif ba gyara ba ne a wannan wuri.

Tun soket na zare, gwada kwayil ɗin kansa. Injin a kashe, sa mitar a kan gwajin haɗuwa: tsakanin kowace waya da jikin injin kada a samu haɗuwa ko kaɗan. Sannan mayar da mitar kan AC, wato irin wutar da kwayil ke fitarwa, tayar da injin, auna wayoyin bibbiyu, sau uku ke nan. Lambobin uku su zo kusan daidai, kuma su riƙa hawa idan ka ɗaga totur, su haura bolt 50 a wajen juyi 5,000. In guda ta yi ƙasa sosai da sauran, kwayil ya ƙone.

Kusa da batir akwai gidan babban fiyus mai amfiya 30, shi ma yana narkewa irin wancan. Duba shi. Kwance wayar da ta haɗa batir da bodi, kankare wurin har ya yi haske, ka mayar ka ɗaure.

Idan rektifaya ne ya mutu, shawarata ita ce a sa sabon salo da ake kira MOSFET, kamar Shindengen FH020AA, wanda ba ya ɗaukar zafi kamar tsohon, a kuma ja masa waya mai kauri kai tsaye zuwa batir da fiyus nasa. Akwai jabunsa da yawa, mai arha sosai abin zargi ne. Wannan aiki ka ba rewaya mai amfani da mita, ba mai gwada wuta da tartsatsi ba. A ƙarshe ka ɗaura ɗan ƙaramin agogon bolt a inda idonka ke kaiwa. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma zai gaya maka caji ya tsaya tun kana da sauran batir da zai kai ka gari na gaba.

Mataki na huɗu: cen

Tayar bayan VFR a hannu ɗaya take rataye, ta gefen hagu, don haka ba a jan cen ɗinsa yadda ake jan na sauran babura. Cibiyar tayar tana zaune ne a cikin wani gida mai juyawa wanda raminsa ba a tsakiya yake ba. In ka juya gidan, taya ta matsa gaba ko baya. Ana sassauta noti guda da ke matse gidan, a saƙala wata sifana mai ƙugiya da ke zuwa cikin kayan aikin babur, a juya kaɗan kaɗan.

Na taɓa tsayawa wurin wani bakanike a kan hanya don a ja mini cen. Kafin in cire hular kwano ya riga ya ɗauko kurfi da guduma ya saita a haƙoran gidan. Na ce, “Malam, dakata, akwai sifanarsa.” Ya ce, “Oga, ai haka muke yi wa kowane mashin.” Bugu ɗaya ya riga ya yi, haƙori guda ya lotse, har yau in na saƙala sifana a wurin sai ta zame. Ba mugunta ya yi ba, bai taɓa ganin irinsa ba ne. Tun ranar sifanar ba ta barin ƙarƙashin sirdina. In babur ɗinka bai zo da ita ba, ka nema kafin ka buƙace ta.

Yadda ake aunawa: babur a kan ƙafar tsakiya, giya a firi, injin a kashe. A tsakiyar cen ta ƙasa, tura shi sama da yatsa, ka ja shi ƙasa, ka auna tazarar da ruler. Ana son milimita 25 zuwa 35. Juya taya ka auna a wurare huɗu ko biyar, domin tsohon cen ba ya miƙewa daidai, kuma da wurin da ya fi tsauri ake saiti. Ka gama, ka ɗaure notin a 74 Nm, ka sake aunawa. Cen mai ɗan sako-sako ya fi mai tsauri aminci. Idan ka hau da goyo da kaya, ko taya ta faɗa rami, cen na ƙara miƙewa. In babu sarari, boris ɗin giya ne ke shan wahalar, gyaransa kuwa sai an buɗe injin.

Wanki da kananzir da burushi mai laushi ake yi. Fetur yana cinye ƙananan zobban roba da ke riƙe giris a cikin gaɓoɓin cen, haka ma ruwan famfon wankin mota mai ƙarfi. Goge shi ya bushe, ka fesa man cen ta ciki kana juya taya da hannu. Kada ka taɓa yin wannan aiki injin na kunne da giya a ciki. Mutane da yawa sun rasa yatsu a haka. A fesa duk kilomita 500 zuwa 800, da bayan kowace tafiya cikin ruwan sama. Da rani a sa kaɗan a goge rarar, saboda mai da yashi in suka haɗu sun zama dutsen wasa. Idan haƙoran sufuroket sun yi tsini ko sun karkata kamar ƙugiya, a sauya cen da sufuroket biyun a tare.

Mataki na biyar: taya da birki

Girman tayoyin 120/70-17 a gaba, 180/55-17 a baya. Iska 36 a gaba, 42 a baya a ma'aunin psi, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta ɗau zafi. Yi amfani da ma'auninka, na masu faci sau da yawa ya gaji.

A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta haura shekara biyar zuwa shida robarta ta bushe ko da zanenta na nan raɗau, kuma ranar da ruwan farko ya sauka a kan kwalta za ta nuna halinta. A nan ban yarda da tokumbo ba sam. Sayi sabuwa irin ta doguwar tafiya, kamar jerin Michelin Road, ko Bridgestone T32, ko Pirelli Angel GT, gaba da baya iri ɗaya. Sabuwar taya tana da santsi, a bi ta a hankali kilomita 150 na farko. Notin tayar baya huɗu ne, ana ɗaure su a 108 Nm.

Birkin wannan babur haɗaɗɗe ne: in ka matsa na hannu, yana kama gaba ya taɓa baya kaɗan, in ka taka na ƙafa, yana kama baya ya taɓa gaba. Saboda haka bututunsa sun fi na sauran babura yawa, kuma fitar da iska daga cikinsu yana da jeri na musamman da ke cikin littafi, har da kwance kan birkin gaba na hagu a karkata shi. In aka tsallake jerin, birkin ƙafa zai yi laushi. Man birki DOT 4 ne, ana sauya shi duk shekara biyu domin yana shan danshi, kuma hannun kuloci ma irinsa yake sha. Rufe tanki da tsumma, man birki na cin fenti. Leƙa takalman birki da tocila, in naman ya kusa milimita 2 a sauya.

Mataki na shida: zafi, fetur da bawul

Lagireto biyu ne, a gefe da gefe suke maimakon gaba. A kan buɗaɗɗiyar hanya ba su da matsala, amma a cunkoson gari zafi kan haura digiri 100, fanka ta tashi. Wannan ba abin tsoro ba ne muddin fankar na tashi kuma lambar na sauka da ka samu hanya. In ta doshi 120, tsaya ka kashe. Ruwan rijiya ko na famfo yana barin gishiri a cikin injin. A zuba ruwan lagireto na gaskiya wanda ba shi da silikat, rabi da rabi da tataccen ruwa, a sauya duk shekara biyu. Kada a buɗe murfin injin na da zafi. A wanke haƙarƙarin lagireto da ruwa marar ƙarfi, daga ciki zuwa waje.

Babur ɗin injekta gare shi, famfon fetur da matatarsa suna cikin tanki. Cikakken tanki na kai mutum kilomita 300 ko fiye kaɗan, wato daga Kano za ka wuce Kaduna amma ba za ka isa Abuja ba. Tsara inda za ka sha mai tun daga gida don kada ka faɗa hannun 'yan bumburutu. In fitilar FI, mai nuna matsala a tsarin injekta, ta kama, sauke ƙafar gefe injin na aiki, ka ƙirga ƙiftawarta: doguwa goma ce, gajera ɗaya, jimillar ita ce lambar matsalar a littafi.

Bawul kuwa ana duba su duk kilomita 24,000. Wannan samfurin yana da VTEC: a ƙananan juyi bawul biyu ke aiki a kowace silinda, sai a wajen juyi 6,800 sauran biyun su shigo, a samfurin 2006 zuwa sama kuma an sauko da shi 6,600. Auna su na buƙatar kayan aiki na musamman da cire sandunan da ke danna su. Ba aikin gida ba ne, kuma ba na wanda zai koya a kan babur ɗinka ba.

Mataki na bakwai: gyara shi ya dace da jikinka

Yanzu ne aka zo wurin daɗi. Ka'idata ɗaya ce: a sauya abu guda, a yi tafiya da shi, sannan a taɓa na gaba. In ka sauya biyar a rana ɗaya, ba za ka san wanne ya gyara wanne ya ɓata ba.

Fara da shakazoba, domin saitinta kyauta ne. Ka samu mutum biyu. A ɗaga babur har tayar baya ta bar ƙasa, a auna daga cibiyar taya zuwa wata alama a bodi. Sannan ka hau da cikakkiyar shigarka, ƙafa a kan mataki, ɗaya ya riƙe babur, ɗaya ya sake aunawa. Bambancin ya zama milimita 30 zuwa 35. In ya fi haka, ƙara matse sifirin. In bai kai ba, sassauta. Haka za a yi a gaba. Ranar da za ka ɗauki goyo da kaya, ƙara matsin na baya, in ba haka ba gaba zai yi sauƙi, fitila ta haska sama, babur ya riƙa buɗe kwana. Man shakazobar gaba ma yana tsufa, a babur mai shekara goma sha biyar sauya shi kawai na iya mayar da shi kamar wani sabo.

Sai hannu. Idan wuyan hannu da kafaɗa na ciwo bayan awa ɗaya, akwai ƙarfen ɗaga hannu da ke ƙara tsawo kamar santimita 2 zuwa 3. Bayan an ɗaura, juya kan babur har ƙarshe dama da hagu: kada ya taɓa tanki ko roba, kada bututun birki ya miƙe, kuma injin na aiki kada juyinsa ya ƙaru da kansa. In ya ƙaru, wayar totur ta ɗaure, a gyara kafin a hau titi.

Gilashin gaba mai tsawo ba kullum yake fi ba. Wani yana ɗauke iska daga ƙirji ya jefa ta daidai kan hular kwano, kai ya riƙa girgiza. In da hali, ari na aboki ka gwada kafin ka saya. Sirdi kuwa, masu ɗinkin kujerun mota na gida suna iya aikin da kyau in ka yi musu bayani: soso mai tauri a ƙasa, siriri mai laushi a sama, a faɗaɗa wurin zama. Soso mai laushi zalla yana da daɗi a minti goma na farko, bayan awa biyu kana zaune a kan roba.

Wajen kaya, akwatunan gefe sun fi na baya, saboda nauyi na zama ƙasa kuma kusa da tsakiya. Givi da Shad suna yin ƙarfen da ya dace da wannan samfurin. Akwatin baya a bar shi ga abubuwa marasa nauyi, kada a wuce abin da aka rubuta a jikin ƙarfensa. Ka tuna salansar wannan babur a ƙarƙashin sirdi take, jakar yadi in ta jingina da ita za ta narke.

Duk abin wuta da za ka ƙara, cajar waya ko ƙarin fitila, ya bi ta rile, wato ɗan makunnin da wutar makulli ke kunnawa, da fiyus nasa, yadda zai mutu da ka kashe makulli. Kada a fere wayoyin babur a laƙa. Ƙarin fitila a saita ta ƙasa don ganin rami, ba cikin idon mai tahowa ba. Maƙalin waya a sayi mai robar rage girgiza. Kamfanin Apple da kansa ya yi gargaɗi a 2021 cewa girgizar manyan babura na iya lalata kyamarar iPhone. Ƙarfen kariya na gefe ma ya cancanci kuɗinsa a nan, tunda faɗuwa ko a tsaye ce tana iya fasa lagireto.

Wasu na rage sufuroket na gaba daga haƙori 16 zuwa 15 don babur ya fi zabura. Yana zabura, amma juyin injin na ƙaruwa da kusan kashi 7 cikin ɗari a kowane gudu, mai ya fi ƙonewa, agogon gudu kuma ya riƙa ƙara lamba domin daga wurin yake karatu. Ga mai doguwar tafiya ban ga ribarsa ba. Salansa mai ƙara ita ma haka: muryar wannan injin mai siffar V tana da daɗi, amma awa biyar da ita a kunne gajiya ce, ga haƙƙin maƙwabta in za ka fita da asuba.

Kafin babbar tafiya ta farko, yi gwaji na kilomita 100 da duk kayan da za ka ɗauka. Ka dawo, ka bi notin da ka taɓa ɗaya bayan ɗaya, ka leƙa ƙarƙashin injin ko akwai ɗigo, ka taɓa wayoyin nan uku ka ji ko sun yi zafin da hannu ba zai jure ba, ka sake auna cen. A ƙarƙashin sirdi ko cikin akwati a samu sifanar cen, kayan toshe hujin taya da ƙaramin famfo, fiyus na kowane girma har da mai amfiya 30, ƙaramin gwangwanin man cen, tocila, da mitar gwajin wuta.